Tafinta da goyo: wanda dokar ƙwadago ta Benin ba ta gani ba

Tun watan Yunin 2024, lokacin da kamfanin Google ya ƙara harsuna 110 a manhajarsa ta fassara, har da harshen Fon da ya mamaye Kwatano, wata magana ke yawo a majalisun unguwannin Zongo da Avotrou. Wai fassara ta zama aikin hutu, na'ura ta ɗauke wahalar, saura ɗan gyaran da mace za ta yi a ɗaki da goyo a bayanta. Har da masu ba amare shawarar su rungumi sana'ar, tunda ba fita. Amma Hausa ta shiga wannan manhaja tun 2013, kuma har yau ana neman mutum ya bi bayan na'urar layi-layi. Abin da ya sauya shi ne farashi, domin mai ba da aiki yanzu cewa yake gyara kawai za ka yi, sai ya rage kuɗin, ya kuma matso da wa'adin. Wanda wannan ya fi ƙuntata wa shi ne mai ƙananan yara.

Sana'ar dai a taƙaice take. Mai fassara mai zaman kansa ba shi da albashi. Da kalma ake biyansa, ko da shafi, ko da yini, kuma sau da yawa kuɗin ba ya zuwa sai bayan wata ɗaya ko biyu. Akwai na rubutu, masu juya takardun ƙungiyoyin agaji tsakanin Faransanci da Turanci da Hausa, akwai kuma na baki, masu tsayawa tsakanin ɗan kasuwar Maraɗi ko Kano da jami'in tashar jirgin ruwa, ko dillalin motoci a Sekandji, ko mai shago a kasuwar Dantokpa.

Dokar ƙwadago ta Benin ta 1998 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, shida kafin ta sauka, takwas bayan nan, da albashinta, kuma in ta koma aiki tana da sa'a ɗaya kullum ta shayarwa. A 2012 ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan kare masu jego. Asusun inshorar ma'aikata na CNSS yana biyan kuɗin tallafin yara ga ma'aikatan da aka yi wa rajista. Mafi ƙarancin albashi ma an ɗaga shi daga sefa 40,000 zuwa 52,000 a farkon 2023. Duk wannan alheri ne, amma na mai uban gida ne da takardar ɗaukar aiki. A ƙasar da sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba su da irin wannan takarda, mai fassara tana sahu ɗaya da mai tuyar ƙosai: ranar da naƙuda ta kama ta, ranar kuɗi ya tsaya. Ta ma fi mai ƙosai shiga haɗari ta wata fuska, domin in ta ce wa kamfanin fassara ba ta samuwa sau biyu ko uku, sai a koma ga na gaba a jerin sunaye, ba kuma a sake waiwayarta.

A nan ne nake ganin mun yi sakaci da tarihinmu. Tafintanci ba baƙon abu ba ne a zango, kusan ma shi ne ya kafa zangon. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, ta nan arewacin Benin suke ratsawa, ta Nikki da Faraku da Jugu, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafinsa na 1980. A kowane masauki akwai fatoma, mai gidan da ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma yi masa magana da sarkin gari da yaren gari. Masani Abner Cohen ya ga irin wannan tsari yana aiki a unguwar Sabo ta Ibadan, ya rubuta shi a 1969. Abin lura shi ne, tafintan wancan zamani ba shi kaɗai yake ba. Cikin babban gida yake, mai kaka da gwaggo da yaran gida. In matarsa ta haihu ba a sauke tukunya, in ya kwanta ciwo akwai ƙane ko bara da zai tsaya wa baƙon. Gidan ne ke riƙe da hulɗar, ba mutum ɗaya ba.

Ko a fagen rubutu haka abin yake. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, alhali tana matar Waziri Giɗaɗo, tana renon 'ya'ya, cikinsu har da Abdulƙadir da ya gaji wazircin Sakkwato. Muna yawan kafa hujja da ita in muna son nuna wa matanmu cewa ilimi da aure ba sa karo. Gaskiya ne, amma mu riƙa faɗin sauran zancen: akwai hannuwa da yawa a gidan da ta yi wannan aiki. Mun ɗauki sunanta muna wa'azi, mun bar tsarin da ya ba ta sararin zama da alƙalami.

To a dubi mai fassarar yau a Avotrou, can gabashin gadar Kwatano, kusa da tafkin Nokoué inda damina ke shigo da ruwa har tsakar gida. Ɗaki da falo na haya, mahaifiyarta tana Gaya ko Dosso ko Sakkwato. Zuwa wankan gida na kwana arba'in, wanda a da hakki ne da ba a jayayya a kai, ya yi wuya da aka rufe gadar Malanbil ta kan iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Fassara kuwa aiki ne mai son hankali a wuri ɗaya; jimlar likita da aka yanke da kukan jariri, daga farko ake sake ta. Saboda haka sai dare, bayan kowa ya yi barci, in an yi sa'a da wuta da intanet.

Iyaye maza ma ba su tsira ba, ko da yake ba su cika faɗa ba. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan tudu a 2017, ta kuma rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, tafintocin baki da yawa sun wayi gari ba baƙo. Ragon suna ba ya jira, kuɗin makaranta na watan Satumba ma haka. Mai 'ya'ya ba ya iya ƙin aiki komai arharsa, kuma masu ba da aikin sun san da haka.

Akwai kuma wani abin da ke ci mini rai. Mu da ke ƙorafin an raina sana'ar, mu ne ke cire yarinya 'yar shekara goma daga aji don ta raka gwaggonta asibiti ta yi mata Faransanci. Yaro bai kamata ya zama shi ne mai faɗa wa babba sakamakon gwajin jini ba. A biya babba ya yi.

Gwamnatin Patrice Talon ta fito da shirin ARCH don masu sana'ar hannu, da inshorar lafiya da horo da rance da fansho. Jami'an da ke tafiyar da shi su sani cewa masu fassara suna cikin waɗanda aka yi shi dominsu, su kuma sa jego cikin lissafi. Ƙungiyoyin agaji da ke ba da aikin fassarar saƙonnin lafiyar uwa da jariri, kunya ce a ce mai fassara musu saƙon tana bin kuɗinta wata biyu da ɗanyen goyo. Ku kuma masu sana'ar, ku haɗu ku yi rajista, ku kafa adashin haihuwa, ku yi yarjejeniyar riƙe wa juna abokan hulɗa har mai jego ta yi arba'in ta dawo. Sarakunan zango da limamai su ba da zauren da za a yi zaman farko.