Haske Faifan Sola Ke Ci, Zafi Kuwa Cutarsa Yake Yi

A watan Afrilu, idan rana ta take a Sakkwato ko Yamai, ba wuya ka ji wani yana cewa yau kakar masu sola ta yanke saƙa. Mutane da dama sun ɗauka zafin rana faifan ke zuƙa ya mayar da shi wuta. Amma haske yake buƙata, kuma sai an leƙa cikinsa za a gane dalili.

Idan ka ƙura wa faifan ido za ka ga an jera ƙananan murabba'ai masu duhu. Kowane ɗaya siririn yanki ne na silikon, sinadarin da ake tacewa daga dutsen da ke samar da yashi. Tsantsar silikon ba ya barin lantarki ya ratsa shi sosai, don haka a masana'anta ake yi masa gauraye. Ɓangare ɗaya a sa masa ɗan fosfaras, wanda ke ba shi rarar ilektiron, wato ƙwayoyin da gudunsu shi ne wutar lantarki. Ɗaya ɓangaren a sa masa boron, wanda ke barin guraben da babu kowa. A daidai inda ɓangarorin suka haɗu sai a sami wani abu kamar gangara: duk ilektiron da ya kuɓuta a wurin, gefe ɗaya kawai zai iya bi.

Shi kuwa haske a dunƙule-dunƙule yake zuwa, ƙwaya bayan ƙwaya. Idan ƙwaya mai isasshen ƙarfi ta faɗa cikin silikon, sai ta fizge ilektiron daga mazauninsa, gangarar ta tura shi zuwa siraran layukan azurfa da ke fuskar faifan. Daga nan ya bi waya, ya kunna ƙwai ko ya cika batir, sannan ya zagayo gida ta bayan faifan. Babu abin da ya ƙone, babu abin da ya juya balle ya lalace, shi ya sa faifai kan yi shekara 25 yana aiki, ya ga bayan batura da dama.

Murabba'i ɗaya kusan rabin bolt kawai yake bayarwa, sai an ɗaure 60 ko 72 a jere kafin a sami ƙarfi mai amfani. Wutar kuma ta miƙe ce, irin ta batir, dole inbata ta juya ta kafin firji ko talabijin su karɓa.

Ilimin ya daɗe. Wani matashi ɗan Faransa, Edmond Becquerel, shi ya fara lura a 1839 cewa haske na haifar da lantarki. A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya ne. A 1954 masana a Bell Labs da ke Amurka suka ƙera na silikon mai mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na haske zuwa wuta. Na kasuwa a yau sun haura kashi 20.

Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifai, a zafin digiri 25 aka auna shi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin 100, domin zafi na rage tsayin gangarar nan. Faifan da aka kwantar a kan kwano da tsakar bazara yana iya kaiwa digiri 65, ka ga ya yi asarar kusan kashi 16. Sannan ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashin. Inuwa ma ba a raina ta: murabba'an kamar ayarin raƙuma suke, idan reshen darbejiya ya rufe ɗaya, duk na layinsa sun rage sauri.

Saboda haka mai haɗa sola da ya san aikinsa yakan bar tazara tsakanin faifai da rufi don iska ta ratsa, ya ɗan karkata shi kudu, ya nisanta shi da bishiya da tankin ruwa. Sauran aikin na mai gida ne: ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.