Abin da ya sa kifi ke ƙaranci a Kogin Haɗeja

Mai fatsa a Kogin Haɗeja kan wuni a gaɓa, ya tashi da 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba. An fi ɗora laifin a kan masu su da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, da ke kwashe 'ya'yan kifi. Suna da nasu laifin, amma tushen matsalar yana Kano, inda aka tare kogin.

Tarwaɗa da ire-irenta da ambaliyar damina suke hayayyafa. Idan ruwa ya malale fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, sai su bi shi cikin ciyayi su zuba ƙwai. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage wannan malala. Ruwan da ake saki da rani kuma ya hana magudanai bushewa, kachalla ta samu wurin zama ta toshe su.

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya, ita ke kula da madatsun biyu. A ofis ake yanke yawan ruwan da za a saki da lokacinsa, kuma masuntan Jigawa da Yobe na layi ne a bayan manoman rani da famfunan birnin Kano.