Ruwan da Ke Kaɗawa a Cikin Tukunyar Gas

Tun bayan da matatar mai ta SORAZ da ke jihar Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamban 2011, tukunyar gas ta shiga gidaje da dama a unguwar Zariya da sauran unguwannin Maraɗi, har ta kai Tibiri da Jiratawa. Tare da ita kuma wani zargi ya bazu, wai duk tukunyar da aka girgiza aka ji ruwa na kaɗawa a ciki, to mai sayarwa ya yi algus. Wannan sauti ba hujjar algus ba ne, domin abin da ke kaɗawar shi ne gas ɗin kansa.

Tushen ruɗanin shi ne ɗaukar gas a matsayin iska tsantsa wadda ba ta sauya hali. Masana ma sun daɗe suna lissafi da wani gas na ƙiyasi, wanda ya samo asali daga binciken Robert Boyle na 1662, inda ya nuna cewa idan aka ninka matsi sau biyu, gurbin da gas ya cika yakan ragu da rabi. An gina wannan ƙiyasi a kan zato biyu: cewa ƙwayoyin gas ba su da girman da za a lissafa, kuma ba sa jan juna. Zaton yana aiki muddin ƙwayoyin suna nesa da juna, kamar manoma da ke warwatse a gonaki, kowa na harkarsa. Amma ranar kasuwa, idan aka cunkushe su a layi guda, faɗin kafaɗar kowa da riƙon hannun maƙwabcinsa sai su fara tasiri a kan tafiyar jama'a.

A 1873 ne Johannes van der Waals, masani ɗan ƙasar Holan, ya gyara lissafin ta hanyar shigar da waɗannan abubuwa biyu, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1910. Jan junan da ya bayyana shi ne sirrin tukunyar girki. Butan, wanda ke cikin gas ɗin girki, yana da ƙwayoyi masu jan juna sosai, ta yadda matsi kaɗan ya isa ya mayar da shi ruwa, gurbinsa ya ragu kusan sau 250. Shi ya sa kilo 6, wanda a siffar iska zai ci kimanin lita 2,500, yake shiga tukunyar da mutum ɗaya ke ɗauka. Kuma muddin akwai sauran ruwan a ciki, matsin ba ya raguwa a bayyane, saboda duk abin da murhu ya ci, ruwan yakan tafasa ya mayar da gurbinsa. Don haka ƙarfin wuta ba ya nuna abin da ya rage. Sikeli ne kawai ke nunawa, bayan an cire nauyin tukunyar da aka rubuta a jikinta.

Haɗarin gaske yana ɗaya ɓangaren, wato girman ƙwayoyin. Da zarar ƙwayoyin sun haɗu sun zama ruwa, ba su da sauran wurin matsawa, alhali ruwan yana kumbura da zafi. Wannan ne dalilin da ya sa ake tsayar da cikon a kusan kashi 80 cikin 100, a bar sarari a sama. Mai sayen da ya matsa a cika masa tukunya maƙil, sannan ya ɗaure ta a bayan kabu-kabu ko ya ajiye ta a tsakar gida a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ya cinye sararin da aka tanada domin kare iyalinsa.

Hukumomi sun yi ƙoƙari wajen kwaɗaita wa jama'a gas domin a rage saran itace, amma bayanin yadda yake aiki bai bi sahu ba. Da a ce an tilasta wa kowane mai sayarwa ajiye sikeli ingantacce a gaban mai saye, da an bambance mai tauye mudu da mai gaskiya ba tare da girgiza tukunya ba.