Darasi Daga Marinar Ƙofar Mata

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata a birnin Kano zai ga tsohuwar marina, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A da, rini yana cikin sana'o'in da suka ɗaga sunan Kano. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso birnin a 1851, ya tarar ana kai rinannun tufafin ƙasar Kano har Timbuktu da Tarabulus. Amma a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, daga baya kuma yadin kanti mai araha ya cika kasuwa. Sannu a hankali ciniki ya ja baya, rijiyoyin rini da yawa suka bushe. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Wannan abin baƙin ciki ne. Sai dai ita kanta sana'ar tana koya wa mai ita yadda ake rabuwa da abu. Marini yakan cika rijiya da ruwa, ya zuba baba da toka, ya jira kwanaki kafin rinin ya nuna. Bayan an daɗe ana tsoma zane, ƙarfinsa yakan ƙare. A nan marini ba ya yaudarar kansa, domin ya san zanen da aka tsoma a mataccen rini ba zai kama ba. Sai ya kwashe ruwan, ya ɗebo lakar da ta kwanta a ƙasa, ya shanya, ya ƙona. Wannan shi ne katsi. Da katsi ake haɗa sabon rini. Da shi kuma ake yin laso, idan an gauraya shi da gashin jima da dafara, a shafe rijiya don ta riƙe ruwa. Tsohon rini ba ya dawowa, amma ragowarsa tana aiki a cikin sabo.

'Yan'uwa ɗalibai, kowannenmu zai gamu da rashi. Wani zai rasa mahaifi, wani jarrabawa za ta kayar da shi, 'yan ajin ƙarshe kuma za su rabu da abokan da suka yi shekaru tare. Kuskure biyu ake yi a irin wannan lokaci. Na farko, mutum ya ƙi yarda abin ya wuce, ya tsaya cik. Na biyu, ɓacin rai ya sa shi ya zubar da kome, har da alherin da ya samu.

Kuka ba laifi ba ne, haƙuri kuma ba mantuwa ba ne. Mu gode wa Allah saboda abin da ya ba mu aro, mu tattara tarbiyya da ilimi da ƙaunar da aka bar mana, mu soma sabon aiki da su.