Ruwan Komadugu: A Hannun Wa Makullin Yake?

Malam makiyayi, kai da kake shayar da shanu a bakin Komadugu tsakanin Difa da Damasak, da kai mai sarin tattasai da banda, ko ka san daga inda ruwan nan yake tasowa? Ba kusa ba ne. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano, da kogin Jama'are daga tsaunukan Jos, su ne suke haɗuwa su gangaro ta Gashuwa da Gaidam, su zama iyakar Nijar da Najeriya, kafin su faɗa Tafkin Chadi a wajen Boso.

To, a 1974 aka kammala dam ɗin Tiga, a 1992 kuma na Challawa. Birnin Kano na sha, manoman rani na Kadawa na samun shinkafa da tumatir, wannan ba laifi ba ne. Amma ka lura da abin da ya canza. Da, ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya malale fadama, ya janye ya bar maka ciyawa, ya bar wa masunci kifi. Yanzu ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan kwantaccen ruwa kuwa shi kachalla ke so. Ta cika hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ta toshe su, wani wuri ya yi ambaliya, na ƙasa kuma ya jira shiru. Yau kogin Jama'are ne ke ɗauke da yawancin nauyin, shi ya sa maganar dam ɗin Kafin Zaki, da aka fara ba a gama ba, ta shafe ka kai tsaye.

Akwai doka kuwa? Akwai. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Komadugu da Gulbin Maraɗi. A 2012 Hukumar Tafkin Chadi ta amince da yarjejeniyar da ta ce kafin ƙasa ta yi babban aiki a kan kogi, sai ta sanar da maƙwabta. Takarda dai ba ta shayar da saniya, wannan gaskiya ne, amma hujja ce a hannunka.

Saboda haka in ardonku ko shugaban kasuwarku zai zauna da jami'an ruwa, kada maganar ta tsaya kan rijiyar burtsatse kawai. A tambaya: wane wata za a buɗe ƙofar dam, ruwa nawa za a saki, kuma wa zai sanar da mu kafin mu kora dabbobi fadama?