Idan Asibiti Ya Ce Katinka Bai Ɗauki Wannan Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar karɓar magani a wani asibitin garin Bauchi, katin inshorar lafiya a hannu guda, takardar likita a ɗaya hannun, ya san maganganun nan biyu da suka zama jiki, watau "wannan maganin babu shi, sai dai ka saya a waje," da kuma "lambar izini ba ta fito ba tukuna." Galibin mutanenmu idan suka ji haka sai su yi salati, su soke katin a aljihu, su tsallaka titi zuwa kemis, su biya da kuɗin cefane, suna ɗauka alfarma aka so yi musu Allah bai nufa ba, alhali kuwa kuɗi ne aka riga aka ware da sunansu, ko daga albashinsu ko daga aljihun wanda ya ɗauke su aiki, saboda haka magani haƙƙinsu ne wanda ya wajaba a sauke.

An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, ya soma aiki a 2005 da ma'aikatan tarayya, sa'an nan a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta haifi hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ko da yake har yau fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Jihar Bauchi tana da tata hukumar, BASHCMA, wadda aka gina a bisa taimakekeniya, abin da malamai ke kira ta'awuni.

Wanda yake son ya fahimci illar hana shi magani, lalle ne ya san yadda kuɗin ke tafiya. Asibitin da mutum ya zaɓa ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai duk wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba, kuma wannan kuɗi ya yi shekaru yana naira 750 yayin da farashin magani ke ta hauhawa, har aka wayi gari kowace ƙwaya da aka miƙa ta taga, mai asibiti yana jin ta a jikinsa. Amma aikin da ya fi ƙarfin matakin farko, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba a yinsa sai da takardar turawa da lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, bayan an gama kuma asibiti ya aika da lissafi yana jiran biya. Idan kamfani ya yi jinkiri ko ya ƙi, sai asibiti ya juyo kan wanda ya fi rauni a cikin ukun, shi ne mai ciwo. Ganin haka ne NHIA ta yi umurni a 2025 cewa kada bayar da lambar izini ya wuce sa'a guda.

Adalci ne kuma a faɗi cewa wani lokaci gaskiya tana wajen asibiti. Shirin ma'aikatan tarayya ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, don haka magidanci mai mata uku wanda ya kawo amarya da katin uwargida, ko ya kawo ɗan riƙo da sunan ɗansa, bai kamata ya ga laifin kowa ba, tun da akwai hanyar yi wa ƙarin iyali rajista da biyan kuɗinsu. Kazalika kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani yana wuyan majinyaci, kuma akwai jerin magunguna da aka amince da su, wanda ya nace sai wani mai tsada da ba ya ciki, to ya shirya biya.

In an kauce wa waɗannan, abin da ya rage shi ne hujja, kuma a nan ne sakacinmu ya fi yawa, abin mamaki ga al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi, ta kuma ji daga malaman fiƙihu cewa mai da'awa shi ake nema da bayyina. Idan aka ce magani ya ƙare, nemi a rubuta hakan a jikin takardar likita, a buga hatimi, a sa kwanan wata. Idan ka saya a waje, karɓi rasit. Idan aka miƙo maka lissafi dunƙule, naira kaza kawai, roƙi a warware maka shi, kuɗin gado nawa, na gwajin jini nawa, na ruwan da aka ƙara nawa, gama a wurin warwarewar ne ake ganin allurar da aka rubuta sau biyu da kwanan da ba a kwana ba. Ka rubuta sunan wanda ya hana ka da sa'ar da ya hana, cikin ladabi, ba da hayaniya ba, domin yarinyar da ke bakin taga ba ita ta yanke hukuncin ba.

Da waɗannan takardu sai ka fara kiran kamfaninka, in bai biya buƙata ba ka kai kuka a rubuce ofishin NHIA na jiha, ko BASHCMA idan a ƙarƙashinta kake, ka riƙe kwafi. Asibitocin tarayya suna da teburin karɓar koke na SERVICOM, a bayansu kuma akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a wadda aka kafa tun 1975, ba ta karɓar ko kwabo. Kana kuma da ikon sauya asibiti, kuma idan ka sauya, kuɗin watanka yana bin ka.

Halin gaggawa kuwa hukuncinsa daban ne: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin duba wanda ke cikin haɗari saboda kowane dalili, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa, ko majinyacin yana da kati ko ba shi da shi.