Komawa Bakin Aiki Bayan Dogon Tsaiko: Sana'ar Bahaushe da Aikin Albashi a Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da mutum yake shiga idan ya ajiye aiki na wasu shekaru, sannan ya nemi komawa. An ɗauki ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a matsayin fagen nazari. An nuna cewa al'adar Bahaushe ta daɗe da sanin tsaiko a sana'a, ta raɗa masa suna, ta yanka masa wa'adi. Aikin albashi kuwa yana ɗaukar tsaikon a matsayin giɓi, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

1.0 Gabatarwa

Hausa ta bambanta kalmomi biyu da ake yawan gwamutsawa, wato sana'a da aiki. Sana'a ta mai ita ce, tana hannunsa duk inda ya shiga. Shi ya sa ake cewa maƙeri ko majemi ko mai ƙosai, ko da mutum ya shekara bai taɓa kayan sana'ar ba. Aikin albashi kuwa gurbi ne da wani ya mallaka, ya ba da shi, ya kuma cike shi da zarar an tashi. A wannan bambanci ne matsalar komawa bakin aiki ta samo tushe. Mazauna kudancin Kano sun san fuskokin biyu, domin yanki ne na noman masara da shinkafa da rake, wanda kuma ya ga aikin lada a ginin madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da haƙar kuza a Riruwai. Da haƙar ta durƙushe cikin shekarun 1980, gona ba ta tambayi kowa inda ya shiga ba kafin ta karɓe shi.

2.0 Tsaiko a Al'adar Bahaushe

Kusan kowane tsaiko da al'ada ta amince da shi yana da suna da iyaka. Mai jego tana wanka har ta yi arba'in. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Shayarwa takan kai kimanin shekara biyu kafin yaye. Wadda mijinta ya rasu tana takaba ta wata huɗu da kwana goma. A ɓangaren maza, ɗan cin rani yakan bar gida bayan kaka, ya dawo da faɗuwar ruwan shuka. A da, mahajjacin da ya bi ta Sudan a ƙasa yakan shafe shekaru a hanya, ya dawo da ƙarin daraja, ba da raguwarta ba.

Abubuwa uku ne suka sauƙaƙa komawa a wannan tsari. Na farko, jama'a sun san dalilin tsaikon, don haka ba a neman bayani. Na biyu, shaidar ƙwarewa tana bakin mutane, ba a takarda ba. Na uku, akwai hanyar tayar da jari: adashi da gudummawar biki da rancen 'yan uwa. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa, da Enid Schildkrout, wadda ta yi nata a birnin Kano, sun nuna yadda matan kulle suke gudanar da ciniki daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Irin wannan sana'a takan lafa lokacin jego, ta farfaɗo bayan arba'in, ba tare da mai ita ta rasa masu saye ba.

3.0 Shingayen Aikin Albashi a Yau

A ɗauki misalin macen da ta sami shaidar malanta ta NCE tana da shekara ashirin da huɗu, ta koyar na ɗan lokaci a wata firamare, sannan aure da haihuwa suka zaunar da ita shekara goma sha biyu. Ranar da ta yi niyyar komawa, shingaye huɗu ne a gabanta.

Na farko shi ne shekaru. Tallace-tallacen ɗaukar ma'aikata sukan ƙayyade shekarun mai nema. Shirin N-Power da aka fara a 2016, alal misali, ya tsaya ne a kan masu shekara 18 zuwa 35. Shekarun da ta kashe wajen reno su ne suka fitar da ita daga layi, alhali hutun haihuwa da Dokar Ƙwadago ta tanada bai wuce mako goma sha biyu ba.

Na biyu shi ne lasisi. Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ta shigo da jarrabawar cancanta da ake yi a kan kwamfuta tun 2017. Haka ma'aikatan jinya da ungozoma, sai sun riƙa sabunta lasisinsu tare da halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi. Takardar da ta isa a da, yanzu mabuɗin ƙofar farko ce kawai.

Na uku shi ne na'ura. Neman aiki ya koma intanet, kuma ana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN. Idan suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin takardar makaranta da waɗannan lambobi, na'ura ba ta jin uzuri. Wannan ya fi shafar matar da ta sauya sunan mahaifi zuwa na miji.

Na huɗu shi ne tazara. Tantancewa da jarrabawa sukan gudana a birnin Kano. Mai tasowa daga Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, kuma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A nan ne karin maganar nan ta “kowa ya bar gida, gida ya bar shi” take samun sabuwar ma'ana.

4.0 Hanyoyin Komawa

Duk da haka, ƙofar ba a rufe take ruf ba. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi hutu ba tare da albashi ba, wanda yake riƙe wa ma'aikaci gurbinsa. Wanda ya nemi wannan izini a rubuce ya fi wanda ya ɓace shiru sauƙin dawowa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana ba da damar karatu daga nesa, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Makarantun Islamiyya da masu zaman kansu sukan zama matakala: albashinsu kaɗan ne, amma suna sabunta hannu, suna kuma ba da shaidar aiki ta kusa. Dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki ta nuna cewa wadda ta dawo tana da shekara talatin da shida tana da sauran kusan shekara talatin na amfani, inda aka aiwatar da dokar.

A wasu ƙasashe an fara bai wa tsaiko matsayi. Bankin Goldman Sachs na Amurka ya buɗe shirin horar da masu dawowa aiki a 2008, dandalin LinkedIn kuma ya ƙara gurbin bayyana tsaiko a tarihin aikin mutum a 2022. Abin lura shi ne, abin da waɗannan suka gano a makare shi ne abin da al'adar Bahaushe ta riga ta yi: raɗa wa tsaiko suna domin kada ya zama abin kunya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa wahalar komawa bakin aiki ba daga mantuwar ƙwarewa take tasowa ba, daga tsarin da bai tanadi hanyar dawowa ba ne. Asarar ba ta mai neman aiki kaɗai ba ce. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, kuma makarantun karkara sun fi kowa buƙatar malamai mata 'yan gari, waɗanda iyaye suka sani, suka yarda su damƙa musu 'ya'yansu mata. Da yawa daga cikinsu suna zaune a gida da takardunsu a ƙasan akwati. Sassauta ƙa'idar shekaru ga mai tsohuwar shaidar aiki, da kawo cibiyoyin tantancewa kusa da irin su Tudun Wada da Kiru, za su rage wannan asara.

Akwai kuma aiki a gaban masana Hausa. Harshen yana da jego da takaba da cin rani, amma ga aikin albashi “ya bar aiki” kawai ake cewa, jimlar da ba ta bambanta wanda ya tafi ke nan da wanda zai dawo ba. Samar da tsayayyiyar kalma ga wannan yanayi, da tattara yadda mutanen karkara suke bayyana shi da bakinsu, fage ne da yake jiran masu nazarin harshe da al'ada. Bahaushe dai ya riga ya faɗa, da tsohuwar zuma ake magani.